Jirgin Yaƙin Atiku Mazurari

A Bagudo in ka nemi Atiku sai an tambaye ka wanne, domin masu sunan sun yi yawa. Amma in ka ce Atiku Mazurari, kowa zai miƙa hannu ya nuna maka rumfar kwano da ke bayan tashar babura, inda ake jin ƙwanƙwasar guduma tun hantsi. Maƙerin gwangwani ne. Gwangwanin madara, na tumatir, guntun kwanon rufi da iska ta yaye, duk abin da wani ya yar, in ya shiga hannun Atiku sai ya fito da sabon suna: aci-balbal, butar ban-ruwa, marfin tukunya. Abin da ya ba shi suna kuwa shi ne mazurarin da 'yan bumburutu ke ɗura fetur da shi. Shekara da shekaru, duk man da ya bi ta daji cikin jarka ya tsallaka Benin, da wuya a ce bai ratsa ta mazurarin Atiku ba. Shi dai yakan ce bai taɓa fasa-ƙwauri ba. Rami yake ƙerawa, abin da ya bi ta ramin ba ruwansa.

Mutum ne mai sanyin hali, ya ba hamsin baya, gemunsa ya fara furfura, kuma ba a taɓa jin ya yi musu da wanda ya girme shi ba ko da da wata guda ne. In babba ya ce masa rana daga yamma take fitowa, sai ya ce, "To, Allah shi sa mu dace," ya ci gaba da yankan gwangwaninsa. Mutane suna yabon wannan hali nasa ƙwarai, musamman waɗanda suka girme shi.

Mahaifinsa shi ne Malam Abbas, wanda garin ke kira Baba Jirgi. Yana saurayi, lokacin yaƙin basasa, ya kora shanun mutane zuwa Kano, shanun suka sami mai saye, shi kuma ya sami aiki a filin jirgin sama. Aikin kuwa bokiti ne da tsumma: yana wanke jiragen yaƙi. Da aka gama yaƙi ya dawo gida, ya yi aure, ya kama noman shinkafa a fadama da 'yan shanunsa, ya kuma kama ba da labarin jirgin da yake kira Migi. Ya ba da shi a teburin mai shayi, ya ba da shi a wurin suna da wurin zaman makoki, ya ba da shi cikin kwalekwale a tsakiyar Kwara inda mai sauraro ba shi da wurin gudu. Babu wanda ya kai shekara arba'in a Bagudo da bai ji labarin nan ba, sai mutum ɗaya.

Atiku ɗan fari ne. Gidansu kuma gida ne mai jinin Fulani, inda kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka haife shi Malam Abbas bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa ba, bai taɓa zama da shi a tabarma ɗaya ba. Gida ɗaya suke, tsohon yana wuni a zaure, Atiku yana ratsa zauren safe da yamma, amma in katanga ta tsage sai Malam Abbas ya kira Batulu matar Atiku ya ce, "A hwaɗa ma wancan katanga ta tsage," alhali wancan ɗin yana tsugune a gefe yana ɗaura takalmi. In tsohon yana tsakiyar labarin Migi ya hango Atiku tafe, sai ya katse, ya dubi sama, ya tambayi jama'a ko suna ganin za a yi ruwa. Atiku ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daga nesa, ya gai da ƙasa, ya wuce. Al'ada ce mai kyau, kada wani ɗan boko ya zo ya ce mana wani abu. Tana koya wa ɗa ladabi, tana hana uba shagwaɓa ɗa. Sai dai a wannan gida ta bar Atiku ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Shekarar da fetur ya yi tsada har 'yan bumburutu suka jingine jarkokinsu, mazurai suka yi ta lilo a rumfar Atiku ba mai taya su. A shekarar ce kuma ƙanwarsa Hussaina, 'yar autar gidan, wadda ke aure a Illo, ta kai tsohon asibitin ido a Birnin Kebbi. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa a hankali, maganin ɗigawa jinkirta shi kawai zai yi. Da suka dawo Hussaina ta zauna a tsakar gida tana share hawaye da bakin gyale, tana ba Batulu labari, Atiku yana jin su daga bakin rijiya.

"Cikin mota yac ce mani, Auta, na ga ɗiyana, na ga jikokina, na ga Makka. Abu guda nika son in ƙara gani kahin hitilar ga ta mutu. Migi."

Atiku ya kwana da maganar. Washegari da ya buɗe rumfa bai yanka mazurari ba. Ya tsallaka wurin maƙwabcinsa Shamsu mai cajin waya, ya ce ya nemo masa hoton Migi.

Cikin 'yan makonni gangar jikin jirgin ta tashi. Tsawonsa ya kai kamu biyu, baki buɗe kamar na tarwaɗa, fukafukai sun kwanta baya, bindi ya miƙe tsaye. Atiku ya bi hoton sawu da ƙafa, har 'yan siraran faifan ƙarfen da ke tsaye a bisa fukafukai bai bari ba. Ya liƙe da dalma, ya goge da toka da tsumma har yana ɗaukar ido. Wallahi abin ya yi kyau. A lokacin kuwa damina ba ta sauka ba tukuna, idon Malam Abbas na dama yana iya bambance jar saniya da baƙa daga bakin zaure. Da Atiku ya ɗauki jirgin ran nan ya ba Batulu ta ajiye a gaban tsohon, da labarin nan ya ƙare a nan, kowa ya huta.

Amma Shamsu ya zagaya jirgin, ya taɓe baki ya ce, "Kawu, wanga ai tsirara yake."

Ya buɗe wayarsa ya nuna masa. Ga Migi mai jan tauraro, na Rasha. Ga wani da rubutun Larabci, na Masar. Ga wani mai dabbare-dabbare kamar damisa. Jiki iri ɗaya, amma tambari da lamba da makaman da aka rataya su ke nuna na wane ne. In babu su, in ji Shamsu, jirgin na kowa ne, ba na Baba Jirgi ba. Maganar ta soki Atiku. Mutumin da bai taɓa sayar da mazurari mai yoyo ba, ta yaya zai kai wa mahaifinsa jirgin wasu?

Suka duƙufa kan waya. Hotunan jiragen Najeriya na wancan zamani kaɗan ne, su ma baƙi da fari ne, sun dushe kamar an jiƙa su a ruwa. An dai gane akwai da'irar kore da fari, amma ina da ina aka buga ta, wace lamba ce a hancin wanda Baba ya wanke, me aka rataya masa a ƙarƙashin fiffike, waya ta yi shiru. Da sun matsa mata sai sabis ɗin Benin ya shigo ya yi musu barka da zuwa da Faransanci.

Batulu ta ce wa Atiku, "Malam, mai amsar ga shi can zaure shina korar ƙuda. Mi yah hana ka zamna gabanai ka tambaye shi?"

Atiku ya dube ta kamar ta ce ya fita kasuwa ba wando. "Ni? Gaban Baba? Batulu, kina lahiya kuwa?"

Aka aika wa Hussaina, ta zo ranar kasuwa. Ita 'yar auta ce, har gemun tsohon takan ja. Ta zauna kusa da shi ta ce, "Baba, jirgin ga naku, wace lamba garai? Wane launi?"

Fuskar tsohon ta washe, ya gyara zama, ya buɗe baki. Sai ya tsaya. Shekara arba'in Hussaina tana gudun labarin nan, yau ita ce da tambaya?

"Wa ka son sani?"

"Yaya na."

Malam Abbas ya kau da kai ya dubi bango. A ce shi, dattijo, ya zauna yana aika wa ɗan fari bayani dalla-dalla kamar mai zumuɗinsa? Ya ce, "Na manta. Miƙo mani goro."

To, tun da ƙofa ta rufe, sai a bi ta taga. Atiku ya yi tunani ya ce ai garin nan cike yake da mutanen da suka ji labarin daga bakin mai shi, kuma matambayi ba ya ɓata. Ya fara da Sadisu mai shayi, wanda Baba Jirgi ya ci bencinsa fiye da shekara talatin. Sadisu ya ajiye buta, ya rantse da kunnuwansa biyu cewa bakin jirgin haƙora gare shi, farare, zaƙo-zaƙo irin na kada, an zana su ne don abokan gaba su firgita tun daga nesa. Atiku ya tuna bai ga haƙori ko ɗaya a hoton ba. Amma Sadisu ya girme shi, kuma ya riga ya zuba masa shayi da madara bai karɓi ko sisi ba. Ya koma rumfa ya zana haƙora.

Daga nan ya hau babur ya haye Kwara zuwa Illo wurin Alhaji Lauwali, tsohon direban babbar mota, abokin Baba tun ƙuruciya. Alhaji Lauwali ya ce batun haƙora shirme ne na masu shayi. Abin da ya tabbata shi ne akwai rubutu a jikin jirgin, Abbas ya faɗa masa. Atiku ya tambaya me aka rubuta. Alhaji ya ce wannan ai ba sai an tambaya ba, duk ƙarfen da ke tafiya da mutum akwai abin da ake rubuta masa, shi a motarsa abin da ya sa shi ne "Komai Nisan Jifa", kuma ba ya jin sojoji za su samo wanda ya fi wannan. Atiku ya ɗan yi jim, domin ya san ƙarshen karin maganar, kuma bai ga ya dace da abin da ke tashi sama ba. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya rubuta shi da jan fenti daga baki zuwa bindi.

A Kurgu akwai Ardo, taubashin Malam Abbas, tsoho mai shanu da yawa da magana kaɗan. Ya sa aka dama wa Atiku fura da kindirmo, ya bari ya sha ya ƙoshi, sannan ya ce jirgin ƙaho biyu gare shi a ka, dogaye irin na jan bijimi, da su yake tsaga iska. Makamai kuwa, masu ne a ƙarƙashin fukafukai, sai dai sun fi na mutane tsawo. Da Atiku zai tafi Ardo ya sa aka ɗaura masa zakara a bayan babur. Wanda ya sha furar mutum ya karɓi zakaransa, da wane baki zai ce masa jirgi ba ya ƙaho?

Wani kuma ya ba shi labarin wani tsoho a Madekali, can cikin Benin, wai ya yi soja tun zamanin Faransa, ba abin da bai sani ba na yaƙi. Atiku ya bi ta Lolo ya tsallaka. Tsohon nan Dandanci, yaren yankin, yake ji da Faransanci, bai taɓa ganin Malam Abbas ba, bai taɓa zuwa Kano ba, amma da aka fassara masa tambayar ko gezau bai yi ba. Ya zana da'ira a ƙasa da sandarsa, ya ce shuɗi, fari, ja. Duk jirgin da ba shi da wannan, in ji shi, ba jirgin yaƙi ba ne, na ɗaukar alhazai ne.

A hanyar dawowa wasu masu kaki suka tsare shi a shinge suka tambaye shi me ya je yi ƙetare. Atiku bai iya ƙarya ba. Ya ce ya je tambayar inda ake rataya wa jirgin yaƙi bam ne. Kafin ya rufe baki an sauke shi daga babur, an tuɓe masa hula, an zaunar da shi a ƙasa cikin rana. Ya wuni a nan yana bayani, sai da la'asar aka kira Shamsu ya turo hoton jirgin ta waya. Babbansu ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya murtuke fuska ya ce aikin bai cika ba. Jirgin gwamnati ba mikiya? Atiku ya ce to, ranka ya daɗe, za a sa.

Duk wannan da sauƙi, da a ce masu ba da shaidar sun ba da sun manta. Ina! Kowa sai ya biyo sawu ya ga ko an sa nasa. Rumfar da ta yi wata da watanni ba mai leƙa ta ta koma majalisa, har Sadisu ya kawo benci. Ardo ya zo ranar kasuwa ya ce ƙahon ya yi gajere. Alhaji Lauwali ya ce haƙoran sun rufe masa harafin farko. Wani na'ibin liman da ke wucewa ya ce Abbas mutumin kirki ne, ba zai wanke jirgin da ba a ɗaura wa laya ba, aka ɗinko 'yar laya aka rataya a wuyan jirgin. In dattijo biyu suka saɓa, Atiku ba ya raba gardama, sai ya sa duka biyun. Fiffiken dama ya sami kore da fari, na hagu ya sami shuɗi da fari da ja. Mikiya ta sauka a tsakanin ƙahoni. Dokin mai baki ya fi gudu, kuma a rumfar nan kowa mahayi ne.

Atiku ba wawa ba ne, kada a ɗauka haka. Ya san jirgin yana ƙara nauyi yana kuma ƙara nisa da hoton. Wani lokaci in majalisa ta watse yakan tsaya ya dube shi, zuciyarsa ta yi baƙi. Sai ya ce wa kansa, mutanen nan daga bakin Baba suka ji, shi kuwa bai ji komai ba, wane ne shi da zai tace? In guda tara ƙarya ne, watakila na goman gaskiya ne, in ya cire bai san wanne ya cire ba.

Damina ta sauka ta yi nisa. Kullum da safe in ya ratsa zaure yakan saci kallon tsohon ta wutsiyar ido. Da farko ya ga ya daina buɗe Alƙur'aninsa mai manyan baƙaƙe, sai tilawa da ka. Daga baya ya ga yana kawo ƙwaryar kunu har bakin hancinsa kafin ya sha. Wata safiya ya ga ya miƙa hannu zai ɗauki buta, hannun ya sauka gefenta, ya lalubi ƙasa. Tsoro ya kama Atiku ran nan, tsoro na gaske. Ya shiga gida ya tarar da Batulu tana tankaɗe.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ka gani ko? Kai mai abin ga hakanan, Malam. Ko da ƙahon."

"Saura lamba," in ji Atiku. "Lamba ɗai tar rage."

Lambar ta ci wata guda, domin babu wanda ya riƙe ta, kuma babu wanda ya yarda ya ce bai riƙe ba. A ƙarshe Alhaji Lauwali, da yake ya fi kowa ƙarfin murya, ya ba da wata, aka rubuta. Sai daga baya Sadisu ya gane lambar tsohuwar motar Alhajin ce. Ana cikin haka kansilan mazaɓa ya ji labari, ya zo da babbar riga da mutum biyu masu riƙe masa waya. Ya ce wannan fasaha ba ta gida ɗaya ba ce, ta al'umma ce, dole a yi bikin miƙawa, shi zai kawo rumfa da kujeru. Abin da yake roƙo kawai a shafa wa bindin launin jam'iyyarsa. Sai dai a jira a gama girbin shinkafa, don jama'a su samu halarta. Kansila ƙanen bayan Atiku ne a shekaru, amma babbar riga ita ma shekaru ce. Aka jira.

Ranar bikin, bayan la'asar, ƙofar gidan Malam Abbas ta cika. Aka fito da tsohon, Hussaina tana riƙe da sandarsa, aka zaunar da shi a kujerar roba a tsakiya. Kansila ya yi jawabi mai tsawo a kan tallafa wa matasa masu basira irin su Atiku, wanda a lokacin jikokinsa biyu ke wasa a ƙarƙashin kujeru. Shi Atikun yana can bayan bishiyar darbejiya, inda ɗan fari ya kamata ya tsaya, yana leƙe ta gefen kututture.

Mutum biyu suka ɗauko jirgin lulluɓe da zane, suka ɗora a cinyar tsohon. Aka yaye zanen, jama'a suka ɗauki kabbara da tafi. Malam Abbas ya ɗaga fuska yana murmushi, ya juya ta wajen da tafin ya fi ƙarfi. Sannan ya sunkuya don ya kawo idonsa kusa, ƙaho ya soke shi a gemu.

Kafin ya farfaɗo dattawa sun rufe shi. Sadisu ya kama hannunsa ya kai kan haƙora, ya manta fenti ba ya jin taɓawa. Ardo ya fizge hannun ya ɗora a ƙaho. Alhaji Lauwali yana karanta masa rubutun da ƙarfi kamar kunnen ne ya mutu. Kowa yana cewa, "Abbas, shi na ko? Ba haka kac ce mani ba?"

Tsohon ya bari suka gama jan hannunsa. Sannan ya ce, "Awo. Shi na."

Aka sake tafi. Kowane dattijo ya dubi ɗan'uwansa da alamar ka ji ko. Kansila ya durƙusa aka ɗauke shi hoto da jirgin, bindin yana fuskantar kyamara.

Atiku kaɗai bai yi tafi ba. Daga bayan bishiya ya ga abin da sauran ba su tsaya gani ba: idon mahaifinsa a buɗe yake, amma ko sau ɗaya bai sauka a kan jirgin ba. Fitilar ta mutu, watakila tun kafin a yanke shinkafa. Ya yi Illo, ya yi Kurgu, ya tsallaka ƙasar wasu, ya wuni a rana ba hula, duk don kada ya kai wa tsohon jirgin da ba nasa ba, ga shi bai kai masa ko ɗaya ba. Ya jingina goshinsa da kututturen, ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa, mutane suna wucewa suna cewa Allah sarki, daɗi ne ya yi masa yawa.

Washegari da hantsi ya fito zai tafi rumfa. Ya tuɓe takalmi a bakin zaure kamar kullum, ya ɗauke su a hannu. Tsohon yana zaune shi kaɗai a tabarma, jirgin a gabansa, yana bin sa da yatsu a hankali. Atiku ya lallaɓa zai wuce ta jikin bango.

"Wa na?"

Atiku ya daskare. Shekara hamsin yana ratsa zauren nan ba a taɓa tambayarsa ba, domin ana ganinsa. Jikinsa warin dalma da kalanzir yake yi, ko jariri a gidan ya san warin nan. In ya ce "ni ne", tsohon zai juya ya fuskanci bango, shi kuma ya wuce, a ci gaba da zama yadda aka saba har ɗaya ya binne ɗaya. Ya ji wata murya siririya, wai tasa ce, ta ce, "Baƙo na."

Yatsun tsohon suka tsaya a kan fiffike.

"Baƙo daga ina?"

"Daga nesa."

"Lalle daga nesa," in ji Malam Abbas. Ya matsa gefe, ya daki tabarma da tafin hannu. "Zamna."

Atiku ya zauna, kafaɗarsa ta kusa taɓa ta mahaifinsa.

"Baƙo, ka san mai ƙirar ga?"

"Ina ganinai kasuwa."

"To in ka gane shi ka hwaɗa mai jikin ya yi. Haka bakin yake, haka bindin yake. Har 'yan ƙarahunan ga na bisa fiffike, su ka yanke mani hannu in ina wanki, ga tabon nan." Ya miƙa tafin hannunsa cikin iska, ba daidai inda Atiku yake ba. Atiku ya matso da kansa ya duba. "Ban san ya iya aiki haka ba. Ana hwaɗi, ban taɓa riƙa abin da yay yi ba."

Tsohon ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa.

"Mutane na cewa Abbas ya cika surutu, ko cikin jirgin ruwa ba ya barin mutane su huta. Ba surutu na ba, baƙo. Mutum guda nika son shi ji labarin ga, shi ko ba ni iya ba shi. Sai nic ce in na ba kowa, dole wata rana shi kai kunnenai. Na ba mai shayi, na ba direba, na ba Ardo, na ba duk wanda yat tsaya." Ya lalubo ƙahon, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da farce. "Ga abin da sunka kai mai."

Hawaye suna sauka a gemun Atiku, yana haɗiye kukan don kada a ji.

"Kana da filaya?"

"Akwai."

"Baƙo mai yawo da filaya. To hwara da ƙahon ga, sannan masu. Babu ko guda. Bindigogi nan suke ƙarƙashin baki, kawo hannunka in nuna maka."

Ya kama hannun Atiku, ya kai shi ƙarƙashin hancin jirgin, bai sake shi da wuri ba. Atiku ya share fuska da hannun riga, ya dubi haƙora da mikiya da launin jam'iyya, ya ce, "To launin hwa? Mi za a shafa?"

"Bar launi, baƙo," in ji tsohon. "Wa zai gani?"

Atiku ya ciro filaya daga aljihu ya kama gindin ƙahon. Malam Abbas ya jingina da bango, ya gyara rawaninsa, ya fara daga safiyar da ya bar Bagudo da shanun mutane.